Kujerar Baba

"Wallahi ba ka gane fim ɗin nan ba!" na ce, ina buga teburinsa. "Mijinta ya dawo, ruwa ya cika falon, suka hau kwalekwale suka tafi. Shi ke nan!"

Saurayina Dogo ya yi dariya. Tace fina-finai ne aikinsa, kuma in ya kama musu a kan fim, sai dai ka gaji ka bar shi. Ya mayar da hoton baya a kwamfutarsa.

"Duba nan, Auta. Wa ya taɓa yi wa mijin magana in ba ita ba? Mai shago ko kallonsa bai yi ba. Kuma duk sanda ya shigo, sai ƙarar titi ta ɗauke ɗif. Da gangan aka cire ta, na san aikin. Mutumin nan a cikin kanta kawai yake."

Da gangan na kawo masa fim ɗin, da gangan kuma na ja musun.

"Mahaukaciya ce ke nan?"

"Kul! Kar ki sake kiranta haka." Fuskarsa ta canza. "Rashinsa ne ya fi ƙarfinta, sai zuciyarta ta yi masa wurin zama. Ruwan nan kukan da ta kasa yi ne. Ni ban taɓa ganin so irin nata ba."

Wayyo Allah! A take na ji na ƙara sonsa, har tsoro ya kama ni.

"Dogo... Babana ya rasu, ka sani. Amma a wurin Mama yana nan. Kullum sai ta zuba masa shayi, ta zauna suna hira. Tana shan magani, ni ke kula da ita, kuma ba zan taɓa barinta ba. Wanda ya nemi aurena kafin kai, sau ɗaya ya gani, bai ƙara dawowa ba."

Na fara haɗa jakata. Sai ya kashe kwamfutar.

"Tashi mu je."

"Ina?"

"In gaishe da surukata mana, sarkin surutu!"

Mun tarar da Mama a falo, kofi biyu a gabanta. Ta amsa gaisuwarsa da fara'a, sannan ta nuna tsohuwar kujerar da ke gefen taga.

"Yaro, ba ka gaida Babansu ba."

Na runtse ido. A daidai nan wancan manemin ya tuna wai yana da uzuri.

Da na buɗe, Dogo yana durƙushe a gaban kujerar, kansa a ƙasa.

"Baba, ina wuni? Na zo ne da roƙo. Ina son Auta, ina so a ba ni ita. Kuma na yi alkawari, duk inda muka zauna, da ɗakin Mama."

Mama ta karkata kunne wajen kujerar, tana gyaɗa kai a hankali. Ta daɗe a haka. Sai na ga hawaye na bin kumatunta, abin da ban gani ba tun ranar da aka fita da gawar Baba.

"Ya ce ya ba ka," ta ce. "Wai yanzu hankalinsa ya kwanta... zai iya tafiya."