Ƙunshin Ganyen Gwaza

Da hantsi Seini ta tarar da mahaifinta, tsoho Saimone, kwance a gonarsa ta bakin teku a bayan garin Neiafu, an rotsa masa ƙeya da dutse. Jikinsa bai gama sanyi ba.

'Yar sanda Sajan Lesieli ta fara bincike da maƙwabcinsa Paea, wanda suka daɗe suna rigima kan aladu masu shiga gona.

"Jiya ma an ji ka kana zaginsa," in ji ta.

"Sajan, shekara nawa muna zagin juna? Yanzu wa zan zaga?" Ya share hawaye da bayan hannu.

Limamin cocinsu ya shaida tun safe Paea na kan rufin coci yana gyara. Seini kuwa a kasuwa ta yi safiyarta, mata sun gan ta.

Da la'asar jirgin ruwa ya iso daga babban birni Nuku'alofa, bayan kwana da wuni a teku. Cikin masu fitowa daga tasha har da Kelepi, babban ɗan mamacin, mai gadon gonar. Ya faɗi a ƙofar gida yana kuka, ƙanwarsa ta rungume shi. Da ya natsa, ya miƙa mata ƙunshin nama da madarar kwakwa cikin ganyen gwaza, ya ce matarsa ce ta aiko wa Baba. Seini ta buɗe wa masu zaman makoki, suka ci suna yaba hannun matar.

Lesieli ta karɓi loma ɗaya. Ta tauna a hankali, sannan ta fita ta aiki wani ɗan sanda. Da ya dawo, ta kira Kelepi gindin mangwaro.

"Yaushe ka baro Nuku'alofa?"

"Jiya da rana."

"A jirgin ruwa?"

"Ai kin ga fitowata."

"Ina ka ajiye abincin nan?"

"Cikin jakata, a gefena."

"Kelepi, ni ma 'yar tsibirin nan ce. Madarar kwakwa ba ta kwana a jaka cikin zafin nan. Da tuni ta yi tsami, ko kare ba zai ci ba. Wannan yau aka dafa shi."

Ta ƙara matsowa kusa da shi.

"Tafiyar da jirgin ruwa ke kwana yana yi, jirgin sama awa guda yake yi. Na safe ka biyo. Na aika filin jirgi, direban da ya ɗauko ka ya ce a mararrabar gonarku ka sauka. Da ka gama ka ɓuya, jirgin ruwa na tsayawa ka shige cikin fasinjoji."

Kelepi ya zauna a kan saiwar bishiyar.

"Masu gina otal ke son gonar. Baba ya ce sai bayan ransa. Na yi niyyar in sake roƙonsa tukuna, wallahi na roƙe shi. Ya juya mini baya ya ci gaba da nome ciyawa, kamar ba ɗansa ke magana ba."

Lesieli ta ciro ankwa. Seini na tsaye a bayansu, ta fito kawo wa yayanta ruwa, ta ji komai.

"Yaya," ta ce, "tun shekaranjiya Baba yake cewa in share maka ɗakinka. Ya ce jikinsa na ba shi kana hanya."

Ta ajiye kofin a ƙasa, ta koma wajen gawar.