Tantabarun Hamza

Ranar da Sadiya ta fara shiga shagon Sharhabil a Doka, ko fuskarsa ba ta kalla ba. Filash ta ajiye a kan tebur ta ce, "An ce kana sa zane ya yi motsi."

Shi kuwa bawan Allah, kallo ɗaya ya yi mata ya nemi natsuwarsa ya rasa.

Zanen na yayanta ne, Hamza, wanda ya rasu a hatsarin mota a hanyar Katabu wata bakwai da suka wuce. Kwamfutarsa ma a nan ta ragargaje. Abin da ya rage na hannunsa ke nan: rufin gidansu na Kurmin Mashi, tantabarunsa tara, da sararin sama mai ja da ruwan goro. Burinsa ya sa su tashi, Allah bai nufa ba.

"Zai yiwu," in ji Sharhabil. "Amma sai na warware shi. Kowane fiffike, kowane wuya, sai ya zama guntu mai zaman kansa kafin ya motsu."

"Don Allah kar ka ɓata masa."

"In sha Allahu."

Aikin sati biyu ne, sai ga shi ya doshi wata biyu. Sadiya kullum tana hanya, wai duba aiki. Wane aiki! Har saƙo ya fara shiga tsakani:

"Tantabarata, yau na gama raba fukafukai sha takwas. Zuciyata ce dai ta ƙi rabuwa da ke."

"Malam, ka ji da aikinka. Ka ci abinci kuwa?"

Rabon da ta yi dariya tun rasuwar, sai a shagon nan.

To, launin da ya sirka da wani, irin na saman nan, in aka mayar da zane guntaye yakan koma toka-toka. Don haka Sharhabil ya goge shi, da niyyar ya sake shafawa yana kallon na asali. Ya adana, ya rufe. Da ya nemi na asalin, sai ya ga babu shi. Dokar farko a sana'arsu ita ce a kwafi aiki kafin a taɓa shi, shi kuwa tun ranar farko, garin kallon Sadiya, bai kwafa ba. A kan na Hamza yake ta aiki.

Bai ɓoye mata ba. Ta daɗe tana kallon farin fili inda sama take, sannan ta ce, "Abu ɗaya na roƙe ka, Sharhabil." Ta fita tana kuka.

Mahaifiyarta, Hajiya Maimuna, da ta ji, ji ta yi kamar ranar aka yi mata rasuwar. "Wanda aka ba amanar zane ya kasa, shi zan ba 'ya? Ga Garba ɗan ƙanwata nan, tun bara yake magana. Kar in ƙara jin sunan Sharhabil ɗin nan."

Sati uku Sadiya ba ta ɗaga wayarsa ba, duk ta rame. Sai wannan saƙo ya shigo:

"Ban cancanci yafiya ba. Saman Hamza ta tafi, ba zan iya dawo da ita ba. Amma tantabarun nasa ne, ko layi ɗaya ban canza ba. Ki roƙar min Umma minti ɗaya."

Da ƙyar Hajiya ta yarda. Ranar Asabar bayan la'asar ya zo, ya durƙusa a tsakar gida ya buɗe kwamfuta. Bai ƙirƙiro wata sama ba, fara fat ya bar ta.

"Umma, na ji kunyar in shafa nawa launin in ce nasa ne."

Ya danna maɓallin kunnawa. Tantabarar farko ta karkata wuya, ta buɗe fiffike, ta tashi. Sauran suka bi ta, ban da ƙaramar da ke gefe, wadda ta yi jinkiri sannan ta bi su.

"Gurguwa ce," Hajiya ta ce. "Kullum ita ce ta ƙarshe. Wa ya gaya maka?"

"Ba kowa, Umma. Na ga ya zana ƙafarta ɗaya a lanƙwashe."

Hajiya ta rufe fuska da mayafi ta yi kuka mai isarta, Sadiya na riƙe da ita. Da ta natsu ta ce, "Ka yi min ɓarna, ɗan nan, ba zan ce ban ji zafi ba. Amma ka kalli aikin ɗana da kyau, kuma ba ka yi min ƙarya ba. Ka turo manyanka."

Bayan ƙaramar Sallah aka ɗaura aure. Da za a tafi da amarya, Hajiya ta kama hannun Sadiya ta ce, "Da 'ya'ya biyu nake da su, yau ɗakin ya zama ba kowa. Ku je, Allah ya yi muku albarka, ya ba ku masu jin ƙanku. In an samu namiji, kun san sunansa."