Sai An Kai Shafin Ƙarshe

Auta tana kan tsani tana jera littattafai a shagon mahaifinta lokacin da ya shigo. Dogo ne, sanye da rigar direbobin motar asibiti, riƙe da hannun wata yarinya mai karkataccen kitso. Da gani namiji ne ya yi mata kitson.

"Littafin tarbiyyar yara nake nema," ya ce. "Na karanta da yawa, a banza. Tun da mahaifiyarta ta rasu ba ta sake magana ba."

Auta ta sauko ta dubi yarinyar, sai ta ga tana kaɗa ƙafa tana bin kiɗan rediyon maƙwabta. Ta wuce littattafan, ta zaro tsohon faifan fim daga kwalin da babu mai taɓawa, irin na da ɗin nan da ake cikin magana sai a ɓarke da waƙa da rawa.

"Ku kalli wannan tare. Kada ka ce mata komai."

"Mai sayar da littafi ce ke hana ni saye?"

"Ni ce, kuma ba zan canza ba."

Ba a jima ba saƙonsa ya shigo wayar shagon: "Malamata, yau ta bi waƙar a hankali. Na fita waje na yi kuka. Wanne za mu kalla gaba?"

Ta amsa: "Zo ka karɓa da kanka, Direbana. Ba na ba da shawara ta waya."

Ya zo kuwa, ya yi ta zuwa, har faya-fayan kwalin suka ƙare bai daina ba. Auta ta kamu da sonsa, ba ta kuma ɓoye ba.

Da maganar aure ta taso, Abba, mahaifin Auta, ya ce atafau. Tsohon hedimasta ne, a wurinsa fim ɗin waƙa shashanci ne. Shi wani mai kemis yake so ta aura, mutumin da ke sayen littafi don launin bangonsa ya dace da labulen falo.

"Ki tashi da ƙuruciyarki ki auri mai 'ya? Mutumin da ke renon marainiya da raye-raye?"

"Abba, ka taɓa kallon fim ɗin?"

"Allah ya sawwaƙe."

"Kai ka koya mini kada in kushe littafin da ban kai shafinsa na ƙarshe ba. A shagonmu ka taɓa korar wani saboda haka. Ka kalla tare da yarinyar har ƙarshe. In ka ce a'a bayan nan, na haƙura da shi, amma mai kemis kam ko shi kaɗai ya rage ba zan aure shi ba."

Ba ta janye ko kalma ɗaya ba. Abba ya ga dokarsa ce ta kama shi, ya yi ƙwafa ya ce a kawo.

Ranar ya zauna a falo fuska a murtuke, yarinyar na gefensa, Auta da Direba suna tsaye bakin ƙofa. Waƙa ta farko ya duba agogo. Ta biyu, siririyar muryar yarinyar ta tashi kusa da shi tana bin waƙar, ya cire tabarau ya goge. Da fim ya ƙare, yarinyar ta ja hannun rigarsa.

"Kaka, a sake."

Direba ya dafa bango. Rabonsa da ya ji ta yi wa wani magana, tun kafin rasuwar.

Abba ya dube ta, sannan ya harari Auta. "Ke kuma tsayuwar me kike yi? Ba ki ji jikata ta ce a sake ba?"

Aka ɗaura aure ba da daɗewa ba. Abba ya haɗa hannayensu ya ce, "Allah ya yi muku albarka, ya cika gidanku da surutun yara. Faifan nan dai ku bar mini shi, ni da jikata ba mu gama ba."