Baƙon da Minela Ta Ce wa Shigo

Ranar da abin ya fara, Zumreta na tsaye bakin murhu tana juya tukunyar karnuka: busasshen burodi, ƙafafun kaji, da ɗan garin masara. Rana ta faɗa bayan duwatsu, ladanin ƙauyen ƙasa ya soma kiran magariba. Karnuka talatin da bakwai ne a bayan gidan, cikin tsohon garejin mijinta da kejin da aka jera gefensa, kuma a irin wannan lokaci haushinsu ba ya barin mutum ya ji na kusa da shi. Ran nan kuwa, ƙarar ludayinta a jikin tukunya kawai take ji. Ko ɗaya bai yi haushi ba.

Sai dutse ya faɗo a kan rufi. Na biyu ya biyo baya, a hankali, kamar mai jifan ba ya sauri. Ta leƙa hanya, ta leƙa gonar tuffa. Babu kowa.

Minela ce 'yarta tilo, shekararta ashirin da uku. Tun da ramin kwal ya rufta da mahaifinta ta ɗauke bakinta, shekara biyu uwar tana zaune da ita kamar da hoto. Karnukan titi ne suka dawo da ita. Duk wanda aka tsinto, sai ta zauna a ƙasa gabansa, ta ɗora tafinta a ƙirjinsa, ta rufe ido har zuciyarta ta zama kamar ɗakin da aka kwashe kayansa. Sannan ta faɗi a zuci abin da take faɗa wa kowannensu: “Shigo. Nan gidanka ne, ba mai korarka.” Sai abin da ke ran dabbar ya zo mata. Ita ta gane cewa wata karya ta ƙi abinci ne don ta baro 'ya'yanta a ƙarƙashin gada. Aka je, aka same su. Da yamma takan shigo kicin ta zazzage wa uwarta duk abin da ta jiyo, har da dariya. Wannan hirar ita ce duk abin da ya rage wa Zumreta a duniya.

Gwaggo Rasema, yayar marigayin, ba ta taɓa yarda da lamarin ba. “Saura kaɗan ki ce min kare ya nemi kofi da sukari biyu,” takan ce. “Ke dai tambayo min su, ko cikinsu akwai mai ɗan'uwa a Jamus da ke neman mata.”

A yammacin nan aka kawo wani baƙin kare, ramamme, daga wajen tsohon injin niƙa na bakin rafi da aka rushe don fitar da hanya. Zumreta ta ce, “Magariba ta kawo kai, ki bar shi sai da safe.”

“Mama, a tsorace yake. Tsoro ya san agogo ne?”

Can cikin gareji Minela take, a zaune gabansa, lokacin da jifan ya fara.

Kwana tara ana haka. Da rana ta yi ja sai karnuka su yi tsit, su juya fuska ga bango, sai jifa. Minela ta daina shiga wurinsu, su ma in ta gifta sai su lafe a ƙasa. A kwana na huɗu tana tsaye jikin taga, ta ba uwarta baya, wata murya mai kauri ta fito daga bakinta: “Rufe ƙofa, tsohuwa. Iska na shigo mini gida.” Likitan birni ya ba da ƙwayoyi. Ta shanye, ta yi barci, muryar ba ta yi ba.

Gwaggo Rasema ce ta ɗauko Hamdija, tsohon limamin da ya ajiye aiki. Ya iso bayan la'asar a motar haya, ya ƙi taɓa kofin da aka zuba masa. Ya sa aka zaunar da yarinyar a tsakar ɗaki, matan biyu suka riƙe ta, ya yi ta karatu har hasken taga ya dushe. Jikinta ya sandare. Ta buɗe ido, amma ba ita ce ke kallo ba.

“Ya isa, Hamdija. Kana ƙona ni.”

“Wane ne kai? Me ya kawo ka gidan marainiya?”

“Ɗan titi ne ni, kamar waɗancan na waje. Tun kafin kakanka ina zaune a injin niƙa. Suka zo da manyan motoci suka baje shi. Na raɓu da karen nan don ɗumi, duk inda muka je sai jifa. Sai ita ta ce in shigo, nan gidana ne, ba mai korata. Ban ɓalle ƙofa ba. A addininku ana korar baƙon da aka ce wa shigo?”

“Ba da kai take ba.”

“Idonta a rufe yake. Wanda ya buɗe ƙofa ido rufe ba ya zaɓen baƙo.”

Liman ya koma karatu, muryar ta yi ta kururuwa har Gwaggo Rasema ta saki kuka. Daga nan ta nemi sulhu. Ta ce a buɗe mata duka kejin. Liman ya ce ko kusa. Ta ce to a ba ta baƙin karen, a kwance masa igiyar wuya. Aka yarda.

“Zan fita,” in ji muryar, a gajiye. “Amma ba ni kaɗai aka rushe wa gida ba. Suna nan bakin shinge, sun ga ƙofa a buɗe. Ni ko jifa kawai na iya.”

Liman ya dubi Zumreta. “'Yar'uwa, ta inda take jin dabbobin nan, ta nan ya shigo. Ƙofa ɗaya ce. In na rufe, ta rufu ke nan.”

“Malam, in ta daina jinsu, ni ma za ta daina yi min magana. Na ga yadda take a da. A bari ta farka a tambaye ta mana.”

“Ba za ta farka ba sai an rufe. Abin da na iya ke nan.”

Zumreta ta dubi Gwaggo Rasema, wadda ba ta taɓa rasa abin faɗi ba. Gwaggon ta sunkuyar da kai. A waje wani abu ya gogi shingen waya, a hankali, daga wannan ƙarshe zuwa wancan.

“Rufe,” in ji Zumreta.

Ya yi karatu a ruwa, ya shafa mata a kunnuwa da ƙirji. Ɗan yatsan ƙafarta ta hagu ya yi rawa, ya tsaya. Da aka buɗe gareji, baƙin karen ya fita ya bi hanyar rafi bai waiwaya ba, sauran suka ɓarke da haushi gaba ɗaya.

Da safe Minela ta tashi da hankalinta. Ta wuce gareji, ta daɗe. Da ta dawo ta tsaya a bakin kicin, gwiwoyinta duk ƙasa.

“Mama, wa ya ce a rufe?”

Da Zumreta ta so, da ta ɗora wa liman, tunda ya riga ya tafi.

“Ni ce.”

Minela ta dube ta, ba fushi, ba hawaye. Ta ɗauki bokitin abinci ta fita.

Wata bakwai ke nan dutse bai sake faɗowa ba. Yarinyar na ci, tana barci, tana share keji a kan lokaci. Ba ta sake furta kalma ba. Matan ƙauye kan tare Zumreta a hanyar kanti su yi mata barka, su ce ai an yi nasara, Allah ya dawo mata da 'yarta.

Takan ce, “Alhamdu lillahi,” ta gyara riƙon jakarta, ta kama hawan tudu.