Wa Ya Zare Sandunan Tokare?

Da hantsi rahoton ya iso caji ofis na Salaga: babban katakon rufi ya rufto da wani kafinta a tsohuwar cocin da ake gyarawa a wani ƙauye kan hanyar Yendi.

Kafin Sufeto Mutawakil ya isa, an lulluɓe gawar da zane. Mukaila sunansa, mutumin Bawku. Ya hau rufin don cire tsohon kwano, katakon ya ɓalle da shi.

Sufeto ya duba katakon. Daga waje lafiyayye, cikinsa kuwa gara ta mayar da shi gari. A jikin bango ya ga dogayen sanduna a jingine, an jera su tsaf.

"Waɗannan fa?" ya tambayi Jibirilu, ɗan kwangilar.

"Su muka tokare katakon da su, Yallaɓai. Da safen nan na duba, suna nan daram."

"Daram? Su suka jera kansu a bango ke nan?"

Jibirilu ya share gumi. "Gaskiya ban shiga ba. A Yendi na kwana. Amma wallahi jiya na bar su a kafe, da ƙusoshi."

Sufeto ya zagaya bayan bagadi. A bakin taga akwai gwangwanin madara cike da ƙusoshi. An zare su ne daga katako, sannan aka bubbuga kowace aka miƙar da ita.

Ya nuna wa Jibirilu. "Yaranka na yin haka?"

"Wa ke da lokacin wannan yanzu? Idan ƙusa ta lanƙwashe, yarwa muke yi."

Sufeto ya sami Fada Benedik, limamin cocin, a ƙarƙashin mangwaron da jama'a ke yin sujada tun da aka fara gyara.

"Wa ke riƙe da makulli?"

"Ni da Barnabas, katikis ɗinmu mai koyar da addini."

Barnabas ya rantse cewa nasa bai bar aljihunsa ba. Yana magana yana kallon ƙasa. Wata mai sharar harabar da ke gefe ta kasa haƙuri.

"Haba Barnabas, an yi rai fa! Bayan sujadar safe ba ka ba Baba Timoti ba?"

Barnabas ya zauna a kan benci. "Cewa ya yi zai yi addu'a a ciki. Da hannunsa ya yi rufin nan tun ba a haife ni ba. Yaya zan hana shi?"

Fada ya dafe goshi. "Ranar Lahadi, a gaban jama'a, kwamitin gyara ya ce aikinsa ya ruɓe. Bai ce komai ba, ya ɗauki hularsa ya fita. Na yi niyyar zuwa wurinsa. Ban samu zuwa ba."

Gidan Baba Timoti na bayan gonar doya. Tsoho ne tukuf, yana zaune a ƙofar ɗaki, ya sa rigarsa ta zuwa coci da takalmi. A rumfarsa gwangwanaye ne jere, cike da miƙaƙƙun ƙusoshi.

"Sannu da hutawa, Baba."

"Ɗana, tun ɗazu nake jiranka."

"Kai ka zare sandunan?"

"Ni ne. Katakon nan daga daji muka ɗauko shi a kafaɗa. Duk waɗanda muka ɗauka tare sun mutu. Sai yara suka ce ya ruɓe. Na ce bari in cire sandunan, su zo su gan shi tsaye da kansa. Na cire, ya tsaya. Wallahi ya tsaya, ɗana."

"Me ya hana ka gaya wa ma'aikata?"

"Na dawo gida in sa riga in kira Fada ya gani. Ina ɗaura takalmi na ji ƙarar."

Sufeto ya saba da ɓarayin shanu da masu sara da adda, ya san yadda ake yi da su. Kofur ɗin da ke tare da shi ya fito da ankwa, Sufeto ya girgiza masa kai.

"Dole mu tafi Salaga, Baba. Ba ni da yadda zan yi."

"Na sani." Tsohon ya dafa bango ya miƙe. "Yaron, yana da iyali?"

"Mata da 'ya'ya biyu a Bawku."

"An gaya musu?"

"Tukuna. Ni zan kira ta."

"Me za ka ce mata?"

Sufeto ya riƙe hannunsa, suka nufi mota.

Da suka isa bakin mota, Baba Timoti ya ɗaga ƙafa ya kasa takawa. Ya sake gwadawa, gwiwar ta ƙi. Sufeto ya rungumo shi ya ɗora a kujera, ya ji ba shi da nauyi ko kaɗan. Ya rufe ƙofa a hankali, ya ce wa direba ya bi ta bayan gari, kada jama'a su ga tsohon.