Gonar da Ke Cikin Talabijin

Maijidda na tsakar gida tana tankaɗen garin dawa lokacin da Baba Yari ya yi sallama. Ƙanen mahaifinta ne, kuma shi aka aika Sabon Birni ya binciko halin Halliru, saurayin da ya aiko neman aurenta. Ta kai masu ruwa zaure shi da mahaifinta, ta dawo ta zauna a gindin katanga, rariya a hannunta amma kunnenta na can.

Shekarar ta zo wa mutanen Unguwar Lalle da wuya. Ruwa ya sauka da wuri, aka yi shuka, gero ya kai gwiwa, sai sama ta ɗauke. Kullum mahaifinta, Malam Attahiru, sai ya je gona ya tarar ganye ya ƙara nannaɗewa.

Baba Yari ya fara da alheri. Ya ce asalin yaron mutanen Gatawa ne, 'yan bindiga suka tashe su, mahaifinsa Bawa ya rasu bayan sun dawo gari. Maƙwabta sun yabe shi, liman ma ya san fuskarsa. Sana'ar ce dai: gidan gem ne da shi, inda samari ke zama gaban talabijin suna danne-danne. Bai shiga ba, don dattijo ba ya kutsawa inda yara suka taru. A rumfar wani tela ya tsaya, ya hango ta ƙofa.

"Yaya, abin da nig gani za ni gaya maka. Gona ce kore shar cikin talabijin, shina noma ta da yatsa. Ina tsaye hadari yat taso cikin allon, ruwa yas sauko. Mu muna roƙon ɗigo guda, shi ya yi nashi."

Can Malam Attahiru ya ce, "Wanda yam mai da ruwan sama abin wasa a shekara irin wagga, ba ni ba shi ɗiyata. A mayar musu da kayansu ranar kasuwa."

Maijidda ta ajiye rariyar ta shige ɗaki, ta yi kuka har idonta ya kumbura. Da Halliru ya kira ta ya ji abin da ya faru, ya ce yanzu zai hau babur ya zo ya yi bayani. Ta hana shi. Ta san mahaifinta: saurayin da ya zo yana kare kansa gaban suruki ya gama rasa ta. Ita ma ba ta yi musu da kowa ba. Ta ci gaba da aikinta, tana kai wa mahaifinta abinci da ladabi kamar kullum, sai da ta ga ya fita sannan ta zagaya gidan Goggo Tasalla, yayarsa, wadda ta yi zaman aure shekaru a Gatawa.

Tsohuwar ta saurare ta tana gyaran zogale, ta tsokane ta da cewa ko ita ma yaron ya shuka ta cikin talabijin ɗin ne take wannan ramewa. Sai kuma ta tambaya ko Yari ya shiga shagon. Maijidda ta ce daga waje ya tsaya.

"Ni tsohuwa ce, babu inda ba ni shiga," in ji Goggo. "Ni za ni mayar da kayan. Ke ki ɗauko mini jakar."

Ranar kasuwa suka isa Sabon Birni da hantsi, jakar kayan na-gani-ina-so a kan cinyar Maijidda tun daga gida. Goggo ta yi sallama ta faɗa shagon kai tsaye. Samari suka zabura, wani ya yar da abin dannawa, duk suka durƙusa gaisuwa. Maijidda ta tsaya bakin ƙofa ta ja hijabinta, ba ta yarda ta haɗa ido da Halliru ba.

Goggo ta zauna kan benci ta hau tambayarsu ɗaya bayan ɗaya, kamar mai sayen akuya. Labbo, wani Bafulatani da ya kawo shanu kasuwa, ya ce shi ƙwallo yake bugawa da yaran Maraɗi ta waya, har ya tsinci Faransanci a bakinsu. Jibrilla mai koyarwa a Islamiyya ya ce tseren mota kawai yake yi, don zuciyarsa ba ta natsu da wasan da ake zana mutane ba. Telan nan mai rumfa, da ke zaune gefensa, ya ce wannan tsanani ne, kullum sai sun yi gardama a kai, kuma kullum sahu ɗaya suke tsayawa da azahar. Akwai wani siriri da ke gina birane masu ganuwa a cikin gem, wanda abin ya ja shi har yana bin tsofaffi suna ba shi labarin Alƙalawa, tsohon birnin sarakunan yankin. Goggo ta ce ina na harbe-harben da ake faɗa. Labbo ya ce Halliru ya cire su tun da ya buɗe shagon. Wasu sun ce ai wasa ne kawai, har sun koma wani shago, Halliru kuwa ya ce kunnensa ya ƙoshi da ƙarar bindiga.

"To kai, mai ruwan sama," in ji Goggo, "nuna mini gonar."

Halliru ya kunna. Goggo ta matsa kusa da allon ta ƙanƙance ido. Ga babbar tsamiya a kusurwar gabas, ga rijiya kusa da ita, ga rumbuna biyu, ga 'yar hanya da ta lanƙwasa ta bi bayansu. Ta daɗe tana kallo.

"Wagga ai gonar Bawa ce ta bakin fadama."

Halliru ya sunkuyar da kai. Ya ce tun ranar da suka gudo bai sake taka ta ba, hanyar ba ta biyuwa. Da ya ga ya fara manta ko rijiyar na dama da tsamiyar ko hagu, sai ya zauna ya shirya ta a nan yadda take, yana noma ta in kewa ta dame shi.

"Ruwan fa?"

"Goggo, ko a cikin gem ɗin ba ni ke saukar da shi ba, lokacinsa ke zuwa. In na gan shi sai in ajiye in ce Allah ka ba mu na gaske."

Goggo ta sa bakin zanenta ta share ido. Ta miƙe, ta dubi Maijidda da hawaye suka jiƙa wa hijabi, ta ce ta riƙe jakar da kyau, gida za su koma da ita.

Da la'asar Goggo ta sami ƙannenta biyu a zaure ta zayyana musu abin da ta gani, ta kuma shaida wa Yari cewa binciken aure ba daga rumfar tela ake yin sa ba. Maijidda na bayan katanga, ta ji mahaifinta ya tambaya a hankali ko har tsamiyar ya sa. Goggo ta ce har ita.

"In kewar gona shikai," in ji Malam Attahiru, "ga gona nan. Ya zo."

Ruwa ya dawo a makare. Geron ya riga ya tafi, sai aka yi shawarar a bi gonar da wake. Halliru ya rufe shago ya zo da abokansa gayya. Kafin azahar tafin telan ya yi ƙuraje, Labbo na yi masa dariya da Faransanci. Malam Attahiru kuwa Halliru yake kallo, yadda yake sara yana jefa iri yana takewa da diddige ba tare da ya duba ƙasa ba. Da Maijidda ta kawo fura, ta ji mahaifinta ya ce wa Yari, "Wanga ɗan manomi ne."

Waken bai cika rumbu ba, amma ya kai gidan ga kaka, kuma bayan kaka aka ɗaura aure ba tare da wani buki mai yawa ba.

Da Maijidda ta yi tsiwa, ko Halliru ya zo yana cacar baki, da jakar nan ta koma inda ta fito. Haƙurinta da ladabinta ne suka ba gaskiya lokacin isowa. Iyaye kuma, in za ku yanke hukunci a kan abin da yaranku ke so, ku daure ku shiga ciki ku tambaya, kada ku tsaya daga bakin ƙofa.