Ranar da Pipik Ya Nufi Garken Barewa

A garinmu na bakin teku, can ƙasar ƙanƙara, kare ba abin ado ba ne. Shi ke jan amalanken kan ƙanƙara, shi ke kai mafarauta inda za su. Wata yarinya a layinmu ba ta gane haka da wuri ba.

Kawunta Rultin yana da karnukan ja. A cikinsu akwai wani matashi mai shuɗin ido, ana kiransa Pipik, wato ɓera, don da aka haife shi ɗan mitsitsi ne. Yarinyar ta dami Kawu da roƙo, safe da yamma, ya ba ta Pipik.

"Idonsa kika gani," in ji Kawu. "Ƙafarsa fa, kin duba? Wannan ba ya gadi, ko ɓarawo ya gani sai ya kaɗa masa jela. Gudu ne abincinsa."

Duk da haka ya ba ta aro, ya gani ko za ta iya. Ya ce kullum ta ɗaura masa ƙaramin amalanke su zaga kafin makaranta. Kuma kada ta kuskura ta fitar da shi ba igiya.

Da farko ta yi ƙoƙari. Sai iska ta tsananta, bargo ya yi daɗi. Yau ta ce gobe, gobe ta ce jibi.

Wata safiya ta leƙa ta ga Pipik kwance cikin dusar ƙanƙara. Tausayi ya kama ta. Ta shigo da shi ɗaki, ta ajiye shi kusa da murhu, ta tafi makaranta. A ganinta alheri ta yi.

Zafi ya dami Pipik. Ya zaro harshe, ya yi ta kai da kawowa. Ya kankare ƙofa. Ya ɗaga kai ya yi ta kuka har maƙwabta suka toshe kunne. Da ya rasa abin yi, sai ya kama takalman fatar da Inna ta gama ɗinka wa Baba, ya yi kaca-kaca da su.

Yarinyar da Inna tare suka dawo. Gashi ko'ina, har cikin tukunyar shayi. Inna ta ɗaga guntun takalmi.

"Wa ya ce miki kare mai gashi kamar riga biyu yana jin sanyi? Fitar min da shi."

Yarinyar ta nemi igiya ba ta gani ba. Ta ce a ranta, ai ya san sunansa, in na kira zai zo. Ta buɗe ƙofa.

Ko waiwaye Pipik bai yi ba. Ya tsallake shinge, ya miƙe bayan gari. Ta kira shi har muryarta ta dushe.

Nan ta tuna da wani abu. Makiyaya sun sauko da garken barewar da suke kiwo kamar shanu bayan tudu. Kowa a nan ya san dokar: karen da ya shiga garke, harbe shi ake yi, mai shi kuma ba shi da bakin magana.

Ta ruga gidan Kawu tana haki, ta faɗa masa komai. Ba ta ɓoye maganar murhu ba, ba ta ɓoye lalacinta ba. Ta ce su bi shi da gudu.

"Da waɗannan ƙafafun naki?" in ji Kawu. "In kika bi shi, wasa zai ɗauka. Riƙe min igiyar nan."

Ya ɗaura karnukansa bibbiyu a doguwar igiya. Wurin da Pipik ya saba tsayawa kuwa ya bar shi ba kowa. Karnuka suka yi ta tsalle suna ihu, kamar yadda suke yi duk lokacin da za a tashi. Yarinyar ta hau, suka fita kamar iska.

Daga kan tudu suka hango garke yana juyawa. Ga Pipik can yana lallaɓawa, cikinsa a ƙasa. Ga kuma wani makiyayi, Omrin, ya sauke bindiga daga kafaɗa.

Kawu bai kira sunan kare ba. Ya karkata amalanke nesa da garke, ya yi wa karnukansa kiran gudu. Suka amsa da ihu.

Pipik ya ɗaga kunne. Ya dubi barewa, ya dubi 'yan'uwansa suna tafiya ba shi. Sai ya juya, ya sheƙo, ya shiga wurinsa yana gudu tare da su, igiya ma ba a ɗaura masa ba. Kawu ya tsaya, yarinyar ta ɗaure shi.

Omrin ya ƙaraso. Ya ce yau ya ɗaga ƙafa saboda Rultin, amma ba zai sake ba. Yarinyar ta ba shi haƙuri, kanta a ƙasa.

A hanya Kawu ya ce zai karɓe karensa.

"Kawu, ka ba ni zuwa narkewar ƙanƙara. In na fasa ko sau ɗaya, ni zan kawo maka shi da kaina."

"Bargon fa?"

"Bargo bai da ƙafa, Kawu. Zai jira ni."

Kawu ya yi dariya, ya yarda.

Tun daga ranar, kafin a buɗe makaranta za ka gan su a bakin teku. Da yamma tana taya Inna ɗinkin sabon takalmi. Pipik kuwa yana dawowa a gajiye, ya ci busasshen kifinsa, ya kwanta cikin dusar ƙanƙara, ya rufe hanci da jela. Da ƙanƙara ta narke, Kawu ya ce ya bar mata shi.

To, yara, ku ji da kyau. Kafin ka ce kana son dabba, tambayi abin da take bukata, ka ga ko za ka iya yin sa kullum. Idon kare kyauta ake kallo. Riƙe shi kuwa sai mai tashi da wuri.